Ibrahim Narambaɗa Tubali: Rayuwarsa da Hoton Girma a Waƙoƙinsa

Gabatarwa

A cikin makaɗan fada da ƙasar Hausa ta yi a ƙarni na 20, kaɗan ne manazarta suka yi wa hidima kamar Ibrahim Narambaɗa Tubali, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa. An rubuta kundaye a kan hikimarsa, an feɗe zambonsa da habaicinsa, har Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya keɓe masa littafi sukutum a shekarar 2009. Mu ɗaliban Nijar muna da wani dalili na daban na waiwayarsa, domin jininsa ta wajen uba daga Filinge ya fito, garin da ke kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, kuma harshen da ya yi waƙa da shi ɗan'uwa ne na jini ga Gobirci da Adaranci da Arewanci da Kurfayanci da muke ji a gidajenmu.

Wannan maƙala za ta bi rayuwar makaɗin daga fagen kokawa zuwa ƙofar fada. A kan hanya za ta tsaya a kan tambaya ɗaya: yaya ya yi amfani da dabba da ruwa da iska wajen bayyana yadda mutum ke girma ya sāke, kuma me wannan hoto ke faɗa game da shi kansa, wanda ya tashi ɗan baƙo a ƙauye ya ƙare yana bakin sarakuna?

Ƙasar da ta haife shi

Tubali ƙauye ne a gabashin tsohon lardin Sakkwato, cikin ƙaramar hukumar Shinkafi ta jihar Zamfara a tsarin yau. Yanki ne na gulabe. Bunsuru da Gagare suna gangarowa daga kudu su haɗu su nufi Rima, shi kuwa Gulbin Maraɗi, bayan ya shigo Nijar ya ratsa Maraɗi da Tibiri, sai ya sake komawa ya zuba a wannan kwari. Mutumin da ya tashi a irin wannan wuri yana ganin abu guda kowace shekara: da rani gulbi yashi ne tsantsa, yara na wasa a cikinsa, mata na tona shi suna ɗibar ruwa da ƙwarya, da damina ta kankama sai ya cika ya batse, ya malale fadama, ya raba ƙauye da ƙauye. In ruwa ya janye, makiyaya su gangaro da shanu, manoma su shiga dausayi. Wannan jujjuyawa ita ce makarantar farko ta duk mai lura a wannan ƙasa.

Tarihin yankin ma haka yake da cika da janyewa. A nan kusa Alƙalawa take, babban birnin Gobir da ya faɗi a hannun masu jihadi a 1808. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya suka kafa Tibiri a arewa, suka ci gaba da riƙe sarautarsu ta gado. A kudu kuwa Isa ta zama mazaunin wani Sarkin Gobir ɗin, daga gidan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, kuma suka shata iyaka tsakaninsu da Faransa a yarjejeniyoyin 1904 da 1906, sai ƙasar Gobir ta rabu biyu, rabi na biyan haraji da sulalla, rabi da tamma. A cikin wannan zamani na rabuwa Narambaɗa ya yi ƙuruciya da samartaka.

Asali da ƙuruciya

An haifi Ibrahim a Tubali a rubu'in ƙarshe na ƙarni na 19. Masu tarihinsa sun ruwaito cewa mahaifinsa, Maidangwale, mutumin Filinge ne, ɗan kokawa, wanda tafiya ta kawo shi ƙasar Isa ya zauna ya yi aure. Mahaifiyarsa Riba mutuniyar Badarawa ce, kuma a danginta akwai kiɗa. Ke nan yaron ya buɗe ido tsakanin gado biyu, ƙarfin damtse ta wajen uba, ƙarfin baki ta wajen uwa. Laƙabin da ya danne sunansa na yanka kuwa, an ce daga wata karya tasa ya samo shi, wadda ake kira Rambaɗa. Mutane suka riƙa ce masa na Rambaɗa har sunan ya bi shi. Abin lura ne cewa mutumin da zai shekara da shekaru yana raɗa wa sarakuna sunayen dabbobi, shi ma sunan dabba ne ya rataya a wuyansa tun yana saurayi.

Gadon uba ya fara ɗauka. Ya shiga kokawa, kuma ya yi suna a cikinta. Mai karatu a Nijar, inda ake gasar Takobi tun daga wadda aka fara a Tawa a 1975, ba ya bukatar a bayyana masa abin da ke faruwa a fage kafin a kama. Ɗan kokawa yakan fito ya ɗaga hannu ya yi wa kansa kirari, ya kira kansa da sunan naman dajin da ba a tunkara, ko icen da gatari ke tsoro, ko ruwan da ba a tsallakewa. A nan ne matashi ke koyon cewa kafin jiki ya kayar da jiki, magana ce ke fara kayar da zuciya. A nan kuma yake ganin yadda girma ke tafiya mataki mataki: yaron da ake kayarwa bana shi ke kayar da wasu baɗi, gwanin da ya gagara jiya shi ne yau ke zaune a gefe yana ɗaura wa ƙanensa laya.

Daga gona zuwa fada

An ruwaito cewa kotson kakansa na wajen uwa ya tarar a ajiye, ya ɗauka ya fara gwadawa. Bai fara da sarakuna ba. Kiɗan noma ya soma yi, irin wanda ake yi wa samari ranar gayya, makaɗi na bin bayan masu hauya yana zuga wanda ya yi gaba, yana yi wa wanda ya sare shaguɓe. Waƙar noma ba ta da abin da za ta jingina da shi face ƙasa da abin da ke fita cikinta. Manomin kirki shi ne mai sammako kafin raɓa ta bushe, mai kunyar da ba ta karkata, wanda in ya tara dami dubu ake naɗa masa sarautar noma. Makaɗin da ya yi shekaru a bayan irin waɗannan mazaje dole ya san sunan kowane mataki na hatsi, daga tsiro zuwa kara, daga bununi zuwa tumu, har zuwa ranar da zangarniya za ta ƙosa ta sunkuyar da kai.

Daga nan sunansa ya kai kunnen masu sarauta, ya koma kiɗan fada. Kotso kuwa dama kayan fada ne. Ganga ce mai siririn ƙugu kamar kalangu, amma fuska ɗaya aka rufe mata da fata, gindinta a buɗe, ana rataya ta a kafaɗa a buga da hannu, ana matsa tsarkiya don a sauya amo. Da ita Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru suka yi nasu zamani, yayin da Salihu Jankiɗi ya riƙe taushi a fadar Sarkin Musulmi. Makaɗin fada ba ya tafiya shi kaɗai. Shi ne jagora, a bayansa ƴan amshi suke, suna riƙe gindin waƙa, suna karɓar ɗa in ya fara su ƙarasa, wani lokaci su maimaita shi gaba ɗaya.

Ubangidan da sunan Narambaɗa ya manne da nasa shi ne Sarkin Gobir na Isa Ahmadu, wanda ya hau gadon sarauta a 1935 ya riƙe ta shekara 40. Mafi yawan manyan waƙoƙinsa nasa ne. Ya kuma yi wa masu sarautar Shinkafi da Zurmi da Ƙauran Namoda, ya yi wa alƙalin Moriki, Abubakar, waƙar da har yau ake saurare. Sai dai fadar da ya shiga ta sha bamban da ta kakannin ubangidansa. Babu sauran fita yaƙi. Sarkin Gobir na Isa uban ƙasa ne a ƙarƙashin hukumar gargajiya ta Sakkwato, aikinsa tattara haraji da jangali, da sasanta jama'a, da karɓar jami'in Bature in ya zo rangadi. Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda tun 1929, gyaɗa da auduga sun zama abin da ake auna arziki da su. Aikin makaɗi a irin wannan hali shi ne ya samo harshen da zai riƙe kwarjinin sarauta bayan an karɓe mata takobi. A daji da gulbi Narambaɗa ya samo wannan harshe.

Giwa, bajimi da ɗan akuya

Manazarta adabin Hausa, tun daga Abdulƙadir Ɗangambo zuwa Sa'idu Muhammad Gusau da Abdullahi Bayero Yahya, sun tanadar mana kalmomin aiki: kamantawa, inda ake cewa abu kamar wani abu yake, siffantawa, inda ake cewa shi ne abin kai tsaye, dabbantarwa, inda ake ba mutum halin dabba, da alamtarwa, inda abu ke tsayawa a madadin wata ma'ana. Waƙar fada ta fi son siffantawa, domin kalmar kamar tana barin tazara tsakanin sarki da abin da aka kwatanta shi da shi, makaɗi kuwa so yake ya share tazarar. Shi ya sa a bakin Narambaɗa ubangida giwa ne, kuma toronta, bajimi ne a tsakiyar garke. Abokin hamayya kuma, wanda ya nemi sarauta bai samu ba ko yake hanƙoron ta, sai a tura shi cikin ƙananan dabbobi da masu abin dariya, ba a ambaci sunansa ba amma duk fada ta san da wa ake.

Wannan rabo na manyan dabbobi ga sarki da ƙanana ga maƙiyi tsohon abu ne, kowane makaɗin fada ya gāje shi. Abin da ya fifita Narambaɗa shi ne yakan sa wa hoton lokaci. A wani sanannen ɗa na waƙarsa ya zana maraƙin da aka haifa a gidan bajimi, ya bi shi har ya cika ya yi tozo, sa'annan ya ajiye ɗan akuya a gefe yana kallon abin da ba zai taɓa zama ba. Dabbobin nan biyu tare aka haife su, a turke ɗaya suka kwana, ciyawa ɗaya suka ci, kuma a watannin farko tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa. Shekaru ne ke fito da abin da ke ɓoye a cikin jini. Duk makiyayi ya san haka, saboda haka babu mai musun hoton. In kuwa ka yarda da hoton, ka yarda da hukuncin da ke bayansa, wato ɗan sarki ne ke zama sarki. Makaɗin bai kawo hujjar tarihi ko ta shari'a ba. Garke ya nuna wa mutane, ya bar su su yanke wa kansu.

A nan ya kamata ɗalibin harshe ya tsaya a kan kalmar girma. A Hausa kalma ɗaya ce ke ɗauke da ƙaruwar jiki, da yawan shekaru, da daraja. Yaro yana girma, dattijo ya girme ka, sarki yana da girma, kuma ana girmama baƙo. Haka kalmar cika: gulbi yana cika, wata yana cika, alkawari yana cika, mutum yana zama cikakke, kuma in ya rasu a ce ya cika. Haka ƙosawa, wadda ake faɗa wa hatsi da ɗan itace da kuma ƙosasshen namiji. Harshen da kansa ya riga ya ɗaure rayuwar mutum da ta tsiro da dabba da ruwa tun kafin makaɗi ya buɗe baki. George Lakoff da Mark Johnson sun nuna a littafinsu na 1980 cewa siffantawa tana zaune a cikin tunanin yau da kullum, mawaƙi faɗaɗa ta kawai yake yi. Waƙoƙin Narambaɗa shaida ce mai kyau a kan haka daga Hausa. Bai ƙirƙiro dangantakar maraƙi da ɗan sarki ba. Ya tarar da ita kwance a cikin kalmar girma, ya tashe ta ya sa mata ƙafafu.

Dokin da ya zo daga Filinge

Cikin waƙoƙinsa da suka fi yaɗuwa akwai Dokin Iska Ɗanhilinge, wadda ya yi wa wani dokin sukuwa. A nan salon ya juya. Maimakon a ba mutum halin dabba, dabba ce aka ba matsayin mutum, aka yi mata kirari da yabo irin na jarumi, aka yi wa abokan tserenta zambo. Sunan da kansa ya haɗa abubuwa biyu, iska da ba a kamawa da gari da aka sani. Sukuwa ita ce abin da ya rage wa mahaya bayan an daina yaƙi, saboda haka dokin da ya tsere wa sa'o'insa yana ɗauke da martabar gidan da ya fito kamar yadda barde ke ɗauke da ita a dā.

Siffanta doki da ƙarfin halitta abu ne da adabin duniya ya daɗe da sani. Imru'ul Ƙaisi, mawaƙin Larabawa na ƙarni na 6, ya kwatanta dokinsa da dutsen da ambaliya ta gangaro da shi daga tudu. Amma ga wanda ya san asalin Narambaɗa, akwai wani abu a wannan waƙa da ya wuce gwanintar siffantawa. Baƙo ne daga ƙasar Kurfai ya zo ƙasar Gobir, aka sa shi a fage, ya wuce ƴan gida. Labarin Maidangwale ke nan a fagen kokawa, kuma labarin ɗansa ke nan a fagen waƙa. Waƙar dai ta doki ce, kuma a haka aka karɓe ta. Duk da haka da wuya a saurare ta da wannan sani a zuciya ba a ji makaɗin yana yabon hanyar da jininsa ya biyo ba.

Makaɗin da kansa

Wannan ya kawo mu ga wani kulli a cikin tunaninsa. Ga sarakuna ya yi wa'azin gado: abin da aka shuka shi ke tsira, maraƙi ba ya zama akuya, akuya ba ta yin tozo. Shi kuwa rayuwarsa ta sāke har sau biyu, daga ɗan kokawa zuwa makaɗin noma, daga makaɗin noma zuwa makaɗin fada. Za a iya cewa bai saɓa wa ƙa'idarsa ba, tunda kotson na kakansa ne, jini ne ya kira shi. Za a kuma iya cewa jikokin makaɗa suna da yawa a ƙasar Zamfara da Gobir, amma Narambaɗa ɗaya ne. Gado ya ba shi ganga. Abin da ya zuba a cikinta aikin shekaru ne na sauraro da lura da gyara.

Inda wannan ya fi fitowa shi ne Bakandamiya, waƙar da ya ɗauka a matsayin uwar waƙoƙinsa, ya yi ta ga Sarkin Gobir Ahmadu. Wasu manazarta sun fassara kalmar da bulalar fatar dorina, wadda ba a haɗa ta da tsumagiya. Mamman Shata ma ya yi tasa Bakandamiyar daga baya. A irin wannan waƙa makaɗi yakan raba fage da ubangidansa: ya yabi sarki, sa'annan ya juyo ya yabi kansa, ya ƙalubalanci duk mai ganin zai iya. Kirarin fagen kokawa ne ya dawo cikin riga da rawani. A cikin irin wannan cika baki ne Narambaɗa ya yi da'awar da aka fi tunawa da shi a kanta, cewa shi ba mai tafiya lahira ba ne, in ma ya tafi zai komo. Wanda ya ɗauki zancen a kan fatarsa zai ga kambamar zulaƙe ce kawai, ko ma saɓo. Manazarta kuwa sun fahimce shi a matsayin magana a kan waƙa, wadda ke rayuwa bayan mai ita. Fahimtar ta dace da mutumin da ya tashi a bakin gulbin da ke mutuwa kowace shekara yana dawowa. A ƙasarsu ƙafewa ba ƙarewa ba ce.

Ke nan hoton girma iri biyu ne a waƙoƙinsa. Akwai girman bajimi, wanda ke tafiya a miƙe daga haihuwa zuwa cika, kuma jini ne ke yanke iyakarsa. Wannan ya ba sarakuna. Akwai kuma girman da ke zuwa da lokaci da juriya, mai tafiya yana komowa, wanda ba ya tambayar wane ne ubanka. Wannan ya ajiye wa kansa da fasaharsa. Fada ta biya shi lada a kan na farko da riguna da dawaki. Na biyun ne ya sa muke maganarsa a yau.

Harshen waƙoƙin

Narambaɗa ya yi waƙa da karin harshen yamma, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai nazari. Sunan dokin ma ya isa misali: Filinge ta zama Hilinge, domin a wannan kari sautin f yakan koma h a gaban i da e, ya koma hw a gaban a, a ce tahi da hwari a maimakon tafi da fari. Ana cewa munka da kunka da sunka inda daidaitacciyar Hausa ke cewa muka da kuka da suka. Ana ninka baƙin farko na aikatau a shuɗaɗɗen lokaci na dogaro, a ce yaz zo da tac ce. Ana amfani da na da ta a gurbin ne da ce, da shi a gurbin ya wajen umurni da fata, da ka a gurbin ke. Mallaka kuma takan zo da nai da tai, a ce dokinai da rigatai.

Waɗannan bambance-bambance suna taɓa awon waƙa kai tsaye. Kalmar suka gaɓoɓi biyu ne marasa nauyi, sunka kuwa ta fara da gaɓa mai nauyi. A ya zo na dogaro gaɓar farko sassauƙa ce, a yaz zo ta yi nauyi. Tunda rauji a waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa yake tafiya tare da bugun ganga, duk wanda ya juya waƙar Narambaɗa zuwa Hausar Kano wajen rubutawa ya karya mata ƙafa ko da bai sauya ma'anar kalma ɗaya ba. Ɗalibin da ya tashi a Dogonduci ko Tawa ko Tibiri ko Filinge yana da kunnen da zai ji waɗannan abubuwa ba tare da wahala ba, kuma wannan jari ne da ya kamata a kashe a wurin da ya dace. Inda kalma ta ɓace wa kunnen yau, ƙamusun Bargery na 1934 yana da amfani ƙwarai, domin yakan nuna yankin da kalma ta fito.

Akwai kuma wata asara da ta fi ta lafazi. Hoton da makaɗi ya zana yana aiki ne muddin mai sauraro ya san abin da aka zana. Giwa ta daɗe da barin dazuzzukan Gobir. Mai son ganinta a Nijar sai ya nufi gandun dajin W. Yaron da ya tashi a birni yana iya rera waƙar bajimi bai taɓa tsayawa kusa da garke ya ga yadda sauran shanu ke buɗa masa hanya ba. In abin da ake siffantawa da shi ya ɓace daga ido, siffar takan bushe ta zama laƙabi kawai. Saboda haka sharhin waɗannan waƙoƙi yana bukatar sanin makiyayi da manomi da maharbi tare da sanin nahawu.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Narambaɗa ya ga ƙarshen mulkin Turawa. Ya ga shigowar jam'iyyu a shekarun 1950, lokacin da ƴan siyasa suka fara raba wa sarakuna fage da makaɗa. Ya rasu a farkon shekarun 1960, jim kaɗan bayan Nijar da Nijeriya sun sami mulkin kai, ya bar ubangidansa a kan gado. Sa'ar da aka yi ita ce na'urar ɗaukar murya ta riske shi. Gidan rediyon Kaduna ya yaɗa waƙoƙinsa shekara da shekaru, kuma iyakar da aka shata a 1906 ba ta tare muryar rediyo. Daga faifai suka koma kaset, daga kaset suka koma wayar hannu, har yau mai ratsa kasuwar Wadata ko tasharta a nan Yamai yana iya tsinkayar kotso na tashi daga rumfar wani dattijo ko motar da ke lodin Ƙonni da Maraɗi.

Aikin da ya rage na masu nazari ne. Yamai tana da cibiyoyi irin su IRSH da CELHTO da suka daɗe suna adana adabin baka, kuma sashenmu yana da ɗalibai daga kowane yanki na karin yamma. Ana bukatar a sake rubuta waƙoƙin yadda aka furta su, a tattara sunayen dabbobi da itatuwa da ruwaye da ke cikinsu a bi ma'anarsu wurin tsofaffi, a kuma kwatanta su da na makaɗan wannan gefe, na fadar Tibiri da Maraɗi da Damagaram, har da jasare na Zabarmawa, don a ga ko hoton girma ɗaya ne ko ya bambanta.

Kammalawa

Ibrahim Narambaɗa ya tashi a ƙasar gulabe, ɗan baƙo daga Filinge, ya koyi kirari a fagen kokawa, ya koyi lura a bayan manoma, ya kai duka biyun fada a lokacin da sarauta ke neman sabon harshen da za ta tsaya da shi. Ya nuna wa sarakuna girmansu a jikin giwa da bajimi, ya kafa musu hujjar gado da abin da kowa ke gani a garke. Game da kansa kuwa ya yi da'awar komowa, kuma fiye da shekara 60 bayan rasuwarsa ana sauraron sa a ƙasar da mahaifinsa ya baro. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.